Tsayuwar Takawira a Filin Nakiya

Mukumbura, 9 ga Mayu

Tete Nyarai,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Gaboronen da ta mantar da ke hanyar gida. Mu nan lafiya, sai gwiwata ta hagu da ke yi mini hasashen ruwa, kullum kuma ƙarya take yi. Audugar bana ba ta yi abin kirki ba. Dawa dai ta samu.

Bari in ba ki labari kafin wani ya ba ki shi a karkace. Ranar Talata nakiya ta tashi a filin kan iyaka, inda ɗana Takawira, wanda ke ce tetensa, wato ƙanwar ubansa, yake aikin tono nakiyoyi da sauran samarin da kamfani ya ɗauka. Ta tashi da wani Bonface na ƙetaren rafi. Ƙafarsa ta dama ta tafi. Yana asibiti, an ce zai rayu. Tsakanin layinsa da na Takawira taku talatin ne.

Ba ki san dokar aikin ba, to ki saurara. Idan nakiya ta tashi, kowa zai tsaya cak inda yake. Ba gudu, ba waiwaye, ba kai ɗauki, har sai shugaba ya busa usur, domin wanda ya zabura ya taka wajen igiyar da ta shata layinsa shi ne na biyu a makara. Ɗana ya tsaya minti arba'in. Ko kansa bai juya ba. Baturen da ke kula da su ya ce bai taɓa ganin natsuwa irin wannan ba. An ba su hutu har a gama bincike, kuma idan sun koma ranar ɗaya ga Yuli, Takawira ne shugaban rukuni. Jinin zuri'armu ta Shumba ke nan, wato zaki, kuma zaki ba ya haifar kura.

Shi kuwa Lovemore, ɗan maƙwabciyarmu mai dafa giya, ya yi ta rawar jiki kamar mazari, ya yi amai a cikin gilashin kariyar fuskarsa, ya jiƙa wando, yana kiran uwarsa a gaban maza. Matan bakin rijiya har sun sa masa waƙa.

Malamin jinyar kamfani ya auna kowa ya ba shi kati. Tunda ke ce gwanar lambobi, ga na ɗana: bugun zuciya bayan awa biyu, 134, washegari da safe, 116. Ko ƙwarzane bai yi ba. Uwar Lovemore ta kawo mini nasa in karanta mata: da farko 140, bayan awa biyu 86. Kin gani, zuciyar rago tun da wuri ta gaji, ta namiji tana nan tana aiki.

Yayanki,
Garikai


Gaborone, 24 ga Mayu

Yaya Garikai,

Na sami wasiƙarka, na gode wa Allah da ya tsare yaron. Ina lafiya, sai tsayuwar aiki da ta kumbura mini ƙafa. Ka rage tafiya a kan gwiwar nan, ka kuma rage fassara abin da ba ka karanta ba.

Shekara talatin kana hedimasta, ba a taɓa ce maka ka yi kuskure ba, don haka zan bi a hankali. Zuciya ba injin niƙa ba ce da ake yaba mata don ta kwana tana gudu. Idan haɗari ya zo, jiki yakan zuba wani sinadari a jini: zuciya ta yi sauri, baki ya bushe, ciki ya juya. Kowa haka, har zakin naka. Abin dubawa shi ne ko jikin ya sauka bayan haɗarin ya wuce. Na Lovemore ya sauka cikin awa biyu. Na ɗanka ya wayi gari bai sauka ba.

Shekara ashirin da biyu ina aikin jinya a ɗakin da ake kawo waɗanda suka yi hatsari. Likitoci a ƙasashe dabam-dabam sun bi irin waɗannan mutane wata da watanni, suka ga cewa waɗanda zuciyarsu ta daɗe tana gudu sun fi yawa cikin masu kamuwa da ciwon da kan biyo bayan firgici: abin ya riƙa dawo musu kamar yanzu yake faruwa, su riƙa zabura da ƙaramin motsi, su guji duk abin da ke tuna musu. Wannan ba annabci ba ne. Da yawa masu irin lambarsa sun warke sarai, wasu masu kwantaccen bugu kuma sun kamu, kuma ban ce amai ya wanke Lovemore ba. Ciwo da zubar jini da ƙishirwa duk suna ɗaga bugu. Amma kai ka ce ko ƙwarzane bai yi ba, kuma na tabbata an ba shi ruwa.

Tambaya ɗaya nake so ka amsa, ba da karin magana ba. Da aka busa usur, da ƙafarsa ya fito, ko zuwa aka yi aka ɗauko shi? Tsayuwa iri biyu ce, Yaya. Akwai wanda ya ga dama ya tsaya, akwai wanda jikinsa ya kulle shi. Daga nesa duk ɗaya suke, musamman a wurin da doka ta ce a tsaya. Ta biyun takan zo da abin da na faɗa maka.

Kada ya koma filin nan sai likita ya gan shi a Harare. Mutumin da ke durƙusawa gaban nakiya ba ya buƙatar jikin da zai yanke masa shawara ba da saninsa ba. Na sa takarda ta dabam a cikin ambulan ɗin nan, tasa ce, ka ba shi. Ina magana ne a matsayin tetensa, kuma ka san ba a tsallake maganar tete a gidanmu.

Ƙanwarka,
Nyarai


Mukumbura, 8 ga Yuni

Tete Nyarai,

Muna lafiya. Sanyi ya sauka, gwiwa ta gode da gaisuwarki.

Na karanta laccarki sau biyu, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimla ɗaya tak da ta cancanci kuɗin kan sarki: "Wannan ba annabci ba ne. Da yawa masu irin lambarsa sun warke sarai." Da bakinki kika faɗa. To me ya rage? Ɗalibin da ya cika shafi biyu sannan ya ce bai tabbata ba, sifiri nake ba shi.

Batun usur, eh, an ce wani ya je ya kama hannunsa ya fito da shi. Sai me? Ƙarar ta toshe masa kunne. Ke da ko ƙarar fashewar taya kan sa ki rufe ido, za ki koya wa mutanen kan iyaka yadda ake tsayuwa?

Wannan ciwo naki na masu kujerar katifa ne. Lokacin yaƙi mun ga abin da ya fi wannan, washegari muka ɗauki fartanya. Ba wanda ya auna mu. Kuma kin san likitan da kike nufi, likitan mahaukata ne. Ranar da aka ga ɗana a wannan layi, kamfani zai ja masa layi, garin nan kuma zai sa masa waƙar da ta fi ta Lovemore tsawo.

Takardarki tana cikin akwatina. Ba a ba wa mai shirin hawa bishiya labarin wanda ya faɗo. Na riga na yanka akuyar murna, fasto ya sanar a coci, mutane sun zo sun ci sun yi masa addu'a. Maganar tete tana da nauyi ga teten da ke zuwa jana'iza. Ke ta Mama kaɗai kika zo, kwana uku kika yi.

Lafiyarsa ƙalau. Yana cin abinci, ba ya yawan magana, kamar yadda ya dace da shugaba.

Yayanki,
Garikai


Mukumbura, 14 ga Yuni

Tete,

Ina gaishe ki da girmamawa, ni ce Rumbi matar Takawira. Jikarki Tariro ta fara tafiya, haƙoranta shida. Ki yi haƙuri da rubutuna. Zan ba direban bas ɗin Harare ya jefa a gidan waya, Baba bai sani ba. An ce matar gida idan abu ya fi ƙarfinta wurin tete take kai shi.

Tete, mijina ba lafiya ba. Ranar Litinin muka je haƙar dankali. Ya ɗaga fartanya, sai ta tsaya a sama. Ya ce, "Rumbi, wa ya duba wurin nan?"

Na ce, "Duba me? Gonar ubanka ce, tun kafin a haife ka ake nomanta."

Ya ce, "Koma bayana. Ki taka inda na taka."

Na yi dariya, na ce, "To, ranka ya daɗe shugaba, tun ba a ba ka usur ba ka fara da ni?" Sai na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf a sanyin nan, jijiyar wuyansa tana tsalle. Haka muka dawo gida a jere kamar agwagi, ba dankali ko ɗaya.

Tariro ba ya barin ta wuce inda na share da tsintsiya. In ta nufi ciyawa sai ya fizgo ta har ta yi kuka. Shekaranjiya murfin tukunya ya faɗi, ya daskare da lomar tuwon sadza a hannu, sai da na kira sunansa sau huɗu. Ranar da aka yanka akuya, da ƙaurin babbaka ya tashi, ya zaga bayan rumbu ya yi ta amai. Baba ya ce giya ce. Tete, ko kurɓa bai yi ba.

Lovemore ya zo gaishe shi. Shi kam yana nan yana dariyar kansa. Ya ce, "Ni ai wandona ya riga ya ba da shaida a gaban jama'a, ba ni da sauran abin ɓoyewa." Ya je duba Bonface a asibiti sau biyu. Ya ce, "Taka, mu je tare mana, mutumin yana tambayarka." Mijina ya ce gobe. Goben ba ta zo ba.

Da ya tafi na tambaye shi, "Baban Tariro, wai da gaske ba ka ji usur ba?"

Ya ce, "Sau uku na ji. Ƙafafun ne ba nawa ba. Ina kallon kaina kamar wanda ya hau kan kuka yana leƙen wani."

Na ce, "To ka gaya wa Baba."

Ya ce, "Ya yanka akuya, Rumbi."

Saura kwana goma sha bakwai motarsu ta zo. Ni ban isa in tsaya gaban surukina ba. Ki yi wani abu.

'Yarki,
Rumbi


Gaborone, 27 ga Yuni

Garikai,

Lafiyata ba ta dame ka ba, taka kuma na san tana nan, tunda kana da ƙarfin ɓoye wasiƙar mutane.

Takardu biyu suka iso mini yau tare, ɗaya ta yi kusan mako uku a hanya, ɗayar kusan biyu. Ɗaya taka ce. Ɗayar ba ruwanka da wanda ya rubuta ta, kuma idan na ji ka ɗaga wa wani murya a kanta, za ka ga teten da ke zuwa ba jana'iza ba. Na buga wayar makarantarku sau shida, layi a mace. Na nemi hutu, an ce sai Agusta.

Laifina ɗaya ne. Na rubuta maka gaskiya tare da iyakarta, kamar yadda ake yi wa mai hankali, na manta kai jan biro kake karatu da shi. Ka tsinci jimlar da ta yi maka daɗi ka zubar da sauran. To ga wadda ba ta da iyaka: a watan Mayu hasashe nake yi, yanzu ba hasashe ba ne. Ɗanka ba ya iya sa fartanya a gonarka. Abin ya riga ya zo.

Kuma kada ka sake kawo mini zancen yaƙi. Na tuna waɗanda suka ɗauki fartanya washegari. Na kuma tuna nawa ne cikinsu suka ƙare a bakin tukunyar giya, da nawa ne matansu suka gudu da tabo a fuska. Ba wanda ya auna su, gaskiyarka.

Idan wannan ta riski yaron a gida, kada ya hau motar nan. Ka ce zazzaɓi ne, ka ce ni ce na hana, ka ɗora mini duk abin da ka ga dama.

Nyarai


Mukumbura, 12 ga Yuli

Tete Nyarai,

Muna nan. Wasiƙarki ta iso ranar shida ga wata. Motar ta tafi da shi ranar ɗaya. Ko da ta iso da wuri ban ce da na bi ta ba, ba na son ki ɗauka gidan waya ne kaɗai ya yi miki laifi.

Yana raye, gaɓoɓinsa cikakku. Na fara da wannan don kada ki tsallake layi.

Ga yadda aikin shugaban rukuni yake. Idan mai tono ya bayyana gefen nakiya, sai ya ja da baya ya kira shugaba. Kowa ya koma nesa. Shugaba shi kaɗai zai shiga layin, ya duba, ya ajiye abin da za a fasa ta da shi. A rana ta huɗu aka kira Takawira. Ya shiga, ya durƙusa, ya miƙa hannu. Sai hannun ya tsaya, tsakaninsa da ita bai fi taƙi ɗaya ba.

Minti goma, ba wanda ya ce komai. Minti ashirin, tsofaffin ma'aikata suna ce wa sababbi, "Ku buɗe ido ku koya, haka yake, ba ya gaggawa." Baturen ma ya dubi agogo ya ce a ƙyale shi, ya san abin da yake yi. Da wani ne da tuni an kira sunansa. Amma shi ne mutumin da ya yi suna da tsayuwa, wa zai katse shi?

A minti na hamsin, Lovemore ya ce, "Wallahi wannan ba natsuwa ba ce. Firgita ce, ni na san ta. Tawa ta fita ta wando, tasa ta maƙale a ciki." Aka ce ya rufe baki. Ya ce, "To ku rubuta ni ne na karya doka." Sai Baturen ya ba shi izini. Ya bi layin a hankali yana surutu tun daga nesa don kada ya firgita shi, wai yana ce masa, "Taka, ni ne mai fitsari, kada ka juyo, ba wani abin kallo." Ya kama gwiwar hannunsa ta baya, ya janye ta kaɗan-kaɗan, ya fito da shi da baya-baya.

Lovemore da kansa ya kawo shi gida ya ba ni labarin. Ya durƙusa a ƙofa yana tafa hannu yadda ya kamata a gaida babba, bai ƙara gishiri ba, bai yi mini kallon komai ba. Wannan ya fi ƙona mini rai.

Yanzu ga abin da nake so. Kamfani ya ba shi hutun jinya na wata uku, kuma sun ce gurbinsa yana nan idan likita ya sa hannu cewa ya warke. Zan sa shi a bas ranar Alhamis ya zo wurinki. Kin san likitoci, shekara ashirin da biyu kina miƙa musu almakashi. Ki samo wanda zai sa hannu. A nan na gaya wa fasto da mutane cewa kamfani ya tura shi ƙaro ilimi a Botswana. Idan wani ya tambaye ki, haka za ki ce. Ba na buƙatar jin cewa kin faɗa tun farko, na iya karatu.

Yayanki,
Garikai


Gaborone, 3 ga Agusta

Yaya Garikai,

Ina lafiya. Takawira ya iso lafiya, ya rame, amma yana cin abinci. Ka gaida Rumbi, ka ce mata na aika kuɗin mota, ita da Tariro su taho ƙarshen wata.

Yana ganin likita duk Laraba. Eh, wancan likitan, a wancan layin, kuma ni nake raka shi da kayan aikina a jiki don kowa ya gani. Suna zama awa guda yana ba da labarin ranar daki-daki, jikinsa yana tashi yana sauka, har jikin ya koyi cewa abin ya wuce. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ba zan yi maka alkawarin ranar gamawa ba, kada ka nemi biro. A kan kwalta yana tafiya kamar kowa. Ciyawar bayan gidana har yanzu zagaye ta yake yi. Jiya ya tsaya a bakinta minti biyar, ya sa ƙafa ɗaya, ya ce mini, "Tete, kada ki yi tafi." Ban yi ba.

Batun ƙaro ilimi, ƙaryarka ce, ka ci gaba da kiwonta. Ba zan hau mumbari in tona ka ba, amma duk wanda ya tambaye ni zai ji abin da ke akwai. Samari talatin sun ga abin da ya faru, Yaya. Garin nan ya sani tun kafin ka isa gidan fasto. Suna gyaɗa maka kai ne don kai ka koya musu karatu.

Sa hannun likita kuwa, ban nema ba, ba kuma zan nema ba. Ko da na so, babu sauran amfaninsa. Ranar Juma'a Takawira ya rubuta wa kamfani takardar ajiye aiki. Ban sa shi ba, na ma ce ya jira wata guda ya ga yadda zai ji. Ya ce ya riga ya ji. Ya zauna a teburina ya rubuta ta tsaf, layi bakwai, hannunsa bai yi rawa ba, ya kai gidan waya da kansa.

Da ya dawo ya ce zai sanar da kai da hannunsa, don bai dace ka ji a bakin wani ba. Na ba shi takarda. Ya rubuta "Baba" a sama, sai biron ya soma rawa, gumi ya keto masa. Ya gwada har sau uku. Shi ya sa ni nake rubuta maka.

Ƙanwarka,
Nyarai